Iyakar Gonar Babana

Litinin: Kaduna zuwa Bwari

Ƙarfe biyar saura kwata na asubar Litinin na fita daga gidana a Kaduna, ko shayi ban tsaya sha ba. Saratu, autata, ita ta riƙe mini jaka har bakin titi. Saboda ita nake wannan tafiya. Shekara uku tana zaune da satifiket ɗin jinya a akwati, sai yanzu ta sami gurbi a wani asibitin gwamnatin tarayya. Amma an ce ta kai takardar shaidar asali, wadda ake ce wa indijin, kafin ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a. In ba ta kai ba, a ba wani.

Kada ku ce me ya hana ta karɓa a Kaduna inda aka haife ta. A ƙasar nan ba a tambayar inda aka yanke maka cibiya, inda aka yanke wa kakanka ake tambaya. Babana ya baro wani ƙauye a bayan Karshi yana saurayi, ya zo aikin reluwe, har ya rasu yana cewa, "Mu mutanen Keffi ne." Ni kuwa na bi bakinsa. A firamare an rubuta mini Lardin Binuwai. A sakandare na zama ɗan Jihar Binuwai-Filato. Da na kama aiki na koma ɗan Filato, da aka yanki Nasarawa na wayi gari ɗan Nasarawa, duk ina Kaduna ko unguwa ban canja ba. To, makon jiya Saratu ta je sakatariya a can Nasarawa, ma'aikacin ya duba jerin ƙauyukansa sama da ƙasa, ya ce mata, "Wannan ƙauyen ai ba namu ba ne, na Abuja ne."

Jama'a, shekara talatin da biyar na yi ina koyar da labarin ƙasa! Na zane yara saboda sun manta babban birnin jiha, ga shi ban san inda garin ubana ya faɗa ba. Wallahi ranar nan kunya ta hana ni cin abincin rana.

Na yi sallar asuba a tasha, na biya naira dubu takwas, aka ba ni gaban mota saboda furfura. Ƙarfe shida muka tashi. Shingen sojoji uku muka wuce kafin Kateri, ba wanda ya tsayar da mu fiye da minti biyu. Takwas saura muka isa Jere, kilomita ɗari da 'yan kai daga Kaduna, direba ya karya hagu ya bi hanyar Bwari.

"Baba, riƙe hularka," in ji shi. "Nan Kaduna ce, gaba kaɗan Neja, kafin ka gama cin goro muna Abuja."

Ai kuwa ya sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Na juya na fuskanci fasinjoji kamar aji. Na ce da larduna goma sha uku ne a Arewa, kowanne da Baturen mulki da ake ce wa Razdan, ƙarƙashinsa Di'o, sai En'e ta sarakuna. Aka zo aka yanka ƙasar jiha goma sha biyu, sai goma sha tara, sai ashirin da ɗaya, sai talatin, sai talatin da shida. Na ce Abuja ba jiha ba ce, shi ya sa ba ta da gwamna sai minista, kuma daga jikin Neja da Filato da Kwara aka yanko ta. Na lissafa ƙananan hukumominta shida da yatsu: ta cikin birni, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali, Abaji. Har na ƙara da cewa in an haɗa da su, ƙananan hukumomin ƙasar nan ɗari bakwai da saba'in da huɗu ne.

Wata mata mai kwandon tumatir a cinya ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. To kai ɗan wacce ce a ciki?"

Na ce mata zafi ya fara, a ɗan sauke gilas. Na juya na fuskanci gaba har Bwari.

Tara da minti goma muka sauka. Na zauna a bencin wata mai soya doya kusa da kasuwa, na ci yanka biyar da yaji a naira dubu. Ɗaliban makarantar lauyoyi suna wucewa cikin baƙi da fari, ga kuma matan Gbagyi da itace a kafaɗa, ba a ka ba, kamar yadda na san su tun ina yaro. Doyar sabuwa ce, tana narkewa a baki. Rabona da irinta tun a tukunyar kakata. Sai na ji zuciyata ta yi nauyi, na sha ruwa na tashi.

Yammacin Litinin: Durumi

Daga Bwari na shiga bas ta Dutse zuwa cikin birni, na sake wata zuwa Durumi. Ƙarfe ɗaya na sami Yohanna a shagonsa na walda. Ɗan ƙanen babana ne. Gidanmu haka yake tun asali, wasu masallaci, wasu coci, wasu kuma suna kan abin kakanni, tuwo dai a akushi ɗaya.

"Yaya! Ashe kana raye!" Ya rungume ni da hannu duk baƙin ƙarfe, ya ɓata mini farar riga.

Ɗakinsa yana bayan shagon, cikin lungunan da keke-napep ma sai ya yi dabara, alhali daga ƙofar kana hango benayen gilas. Matarsa ta tuƙa tuwon dawa da miyar karkashi, ta shimfiɗa mini tabarma, ta nuna mini gabas ban tambaya ba. Muna ci na karanta masa tsarina: gobe mai gari ya sa hannu, hakimi ya sa, sakatariya ta buga hatimi, Laraba ina gida.

Yohanna ya yi dariya har ya ƙware. "Yaya, ka daɗe ba ka zo ba. Tun da filin Abuja ya yi tsada, kowane oga sai ya zo da babbar mota ya ce kakansa ɗan ƙauyenmu ne. Shi ne dattawa suka kafa doka. Mai gari ba ya sa hannu sai ka taka iyakar gonar ubanka da ƙafarka, a gabansu, ba mai nuna maka."

Na tsame hannu daga akushi. Na ce, "To kai ka nuna mini mana a takarda."

"Ni? Tawa ma na sayar tuni, da ita na buɗe shagon nan. Ta babanku Goggo Laraba kaɗai ta san ta. Dillalan fili sun yi mata zarya har sun gaji, ta ce gonar yayanta ce, yana da ɗa." Ya kurɓi ruwa. "Kuma tana fushi da kai. Da ɗanta ya rasu, saƙo kawai ka aiko."

Gaskiya ya faɗa. Goggo Laraba ita ce autar su Baba, ita kaɗai ta rage. Rabona da ita shekara arba'in, tun jana'izar kaka.

Talata: Karshi da ƙauyenmu

Shida da rabi na safe muka kama hanya ni da Yohanna. Nyanya, Karu, Jikwoyi, Kurudu, Orozo, tafiyar da ba ta wuce kilomita arba'in ba ta cinye mana awa biyu da minti goma saboda cunkoso. Duk inda na waiwaya bulo da kwano. Ni da na san wurin nan daji! Muna yara, in an ba da dogon hutu, Baba kan sa mu a bayan akori-kura daga Keffi, mu sauka a inda hanya ta ƙare, mu taka sauran. Kaka yana jira a gindin tsamiya da gasasshiyar masara a aljihun riga, ta yi sanyi amma ba mu damu ba. Na nemi tsamiyar nan da ido, gidan mai na gani a wurin.

A Karshi kasuwa tana ci, doya tuli-tuli, gyaɗa, barkono. Yohanna ya nuna mini da haɓa: "Ka ga can? Nasarawa ke nan. Mutum yana sayen gishiri a Abuja, ya sayi manja a wata jiha." Muka hau babur biyu, minti ashirin da biyar kan jar hanya mai ramuka, sai ga duwatsun ƙauyenmu. Su dai ba su canja ba. Ina ganinsu hawaye ya zo mini, na ce wa ɗan acaɓa iska ce.

Goggo tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ta ƙanƙance, kai fari fat, amma idon nan yana nan da kaifinsa. Na cire takalmi na durƙusa.

"Goggo, ina kwana. Isa ne, ɗan Audu."

Ta dube ni daga hula har ƙafa. Hausarta irin ta mutanenmu ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Audu yana da ɗa? Ni ban sani ba. Laraba dai ya binne ɗansa shi kaɗai." Ta kira wata jikarta ta ce a kawo wa baƙo ruwa. A kofin tangaran na baƙi aka kawo mini, Yohanna kuwa aka miƙa masa moɗar gida. Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Bayan azahar muka je wurin mai gari. Mutum ne mai fara'a, bai kai ni shekaru ba. Ya saurare ni tsaf, ya ce ya ji labarin Audu na reluwe a bakin babansa, amma doka doka ce. Ya tara dattawa uku, muka nufi gona, ni a gaba kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Na fara da sa'a. Na gane ɗorawar da kaka yake rataye gorar ruwa. Na gane dutsen nan mai tsaga inda muke ɓoye ƙwallon goruba. Dattawa suka gyaɗa kai. Daga nan sai komai ya rikice, kunyoyin doya duk iri ɗaya. Na gangara wajen rafi ina zufa, sai na hango wani ginshiƙin siminti da lambobi a jikinsa, ya kai gwiwa. Raina ya yi fari. Wannan ai abina ne, na sha zana irinsa a allo! Na dafa shi na ce da ƙarfi, "Nan ta ƙare."

Sai wani dattijo mai haƙori ɗaya ya ce, "Malam ya nuna mana iyakar gwamnati."

Mai gari ne ya yi mini bayani a hankali. Wani rani, lokacin da aka yanko Abuja, masu awo suka zo suka kafa ginshiƙin nan, suka bi rafi suka ce nan Abuja, can Filato. Ba su tambayi kowa gona ba. Gidajenmu suka faɗa Abuja, rabin gonakinmu suka faɗa ƙetare. Gonar Baba ta haye rafi, mafi yawanta ma tana can, har da tungar da ake kwana da damina, inda aka haife shi. Shi ya sa ya rayu yana cewa shi mutumin Keffi ne.

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji shi. "Na kori masu manyan motoci a kan haka. In na sa maka hannu, gobe me zan ce musu?"

Na tsaya riƙe da hula. Ba abin da nake gani sai Saratu tana goge farar rigar aikin da ta ɗinka tun ba a kira ta ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, irin wanda ban ji ba tun rasuwar uwarta.

"Wa ya ce a kore shi?"

Muka waiwaya. Goggo ce, da sandarta. Ashe tun daga gida take bin mu a baya.

"Dokarku ya ce mutum ya san iyaka. Ya faɗi ranar da zai koya? Ku ba ni shi gobe da safe. Da la'asar ku sake tambayarsa. In ya faɗi, ni zan kore shi da kaina."

Dattawa suka dubi juna. Mai haƙori ɗaya ya ce ai ba mai nuna wa mutum. Goggo ta ce, "Kai wa ya nuna maka taka? Da ita aka haife ka?" Aka fashe da dariya, mai gari ya ce an yarda.

Laraba: gona

Na kwana a ɗakin kaka, wanda yanzu buhunan dawa ke ciki. Shida da kwata Goggo ta buga ƙofa da sanda. Na fito da biro da littafi, ta ce in mayar. "In ka rubuta, takarda ne ya sani, ba kai ba."

Alama bakwai ce. Ɗorawa, dutse mai tsaga, jerin bini-da-zugu da kaka ya shuka, mashigin rafi, suri, kaɗanyar da tsawa ta raba biyu, sai giginya. A kowacce sai ta tsaya ta sa in dafa da hannu, in faɗi sunanta, in faɗi gonar wa ke maƙwabtaka da mu ta wannan gefen. In na yi kuskure ta ɗan buga mini sanda a ƙwauri. "Sake! Haka kake koya wa yaran mutane?" Ni mai shekara sittin da bakwai, ina maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya, kuma wallahi daɗi nake ji.

A mashigin rafi ta tsaya. Ƙarshen damina ne, ruwa ya kai gwiwa. Ta ce shekara biyu ke nan ba ta haye ba, jikoki take aikawa su yi noman. Yohanna ya matso zai ɗauke ta, na ce ya ja baya. Na naɗe wando na durƙusa. Ta miƙa wa Yohanna sandarta, ta hau. Ba ta kai rabin buhun gero nauyi ba. Muna tsakiyar ruwa ta ce a kunnena, "A nan na goya ka kana kuka, kifi ya taɓa maka ƙafa."

Na ce, "Goggo, ki yafe mini. Ban zo ba."

"Kalli gabanka, kar ka jefa ni a ruwa," in ji ta. Amma na ji hannunta ya ƙara riƙe wuyana.

Taku goma sha biyu muka yi daga Babban Birnin Tarayya zuwa Jihar Nasarawa, ba shinge, ba mai tambayar takarda. Ta nuna mini inda tungar take, yanzu sai duwatsun murhu uku cikin ciyawa. Nan aka haifi Baba. Na tsaya na yi masa addu'a, Yohanna ya cire hula ya yi irin tasa. Muka zagaya sau biyu, sai sha ɗaya da rabi muka koma gida. Da aka kawo ruwa, a moɗa aka ba ni.

Ƙarfe uku da rabi dattawa suka sake fitowa. Na taka alamun nan bakwai ɗaya bayan ɗaya. A suri na ɗan yi tuntuɓen harshe, na ji tarin Goggo daga nesa, na gyara. Da na dafa giginya mai haƙori ɗaya ya ce, "To, ɗan Audu ne." Mai gari ya ɗora takarda a kan cinyarsa ya sa hannu, Goggo ta dangwala yatsa a matsayin shaida. Muka ruga da babur zuwa Karshi, muka tarar da hakimi yana shirin tashi, shi ma ya sa nasa. Yohanna ya koma ƙauye ya ce zai kwana biyu, ni na sami ɗakin baƙi kusa da tasha.

Alhamis: komawa gida

Bakwai na safe na bar Karshi, tara da rabi ina sakatariyar ƙaramar hukumar cikin birni, domin ƙauyen namu mai duwatsu da doya a ƙarƙashinta yake, tare da duk benayen nan. Na bi layi, na cike fom, na miƙa hoton Saratu. A gurbin jihar asali hannuna ya fara rubuta Nasarawa don sabo, sai da na karɓi sabon fom. Biyu da kwata aka buga hatimi. Na sa takardar cikin leda, na sa ledar cikin riga, ban yarda da jaka ba.

Uku na shiga mota a Zuba, bakwai da minti ashirin na yi sallama a gidana. Saratu ta karɓi takardar da hannu biyu, ta karanta, ta sake karantawa, ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Ranar Juma'a ƙarfe sha ɗaya na safe ta miƙa ta, aka ce ta fara aiki farkon wata. Alhamdu lillahi.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Yohanna da matarsa da suka ciyar da ni, da mai gari da dattawansa da ba su sassauta mini ba, har da matar nan mai tumatir. Allah ya saka wa kowa da alheri. Goggo ce kawai ban san yadda zan gode mata ba.

Ranar Juma'ar da yamma Saratu ta ce in faɗa mata alamun gonar. Na gyara zama na fara. Ɗorawa, dutse, bini-da-zugu, mashigi, suri, sai na tsaya. Na san giginya ce ƙarshe, amma abin da ke tsakani ya ɓace mini ɓat. Kwana biyu kacal! Na kira Yohanna a waya na ce ya tambayar mini Goggo. Na ji takunsa, na ji yana yi mata bayani, sannan na ji muryarta da kanta, ta matso da baki kamar mai kira daga ƙetaren rafi.

"Kaɗanya ne, shashasha. Wannan ɗaya na ba ka kyauta. Amma ba a koyon iyaka a waya. Kai kanka ya tsufa, ba ya riƙe abu. Kawo mini yarinyan ya taka da ƙafarsa. Ka yi sauri, Isa. Ni ba zan ga wani damina ba, kuma bayan ni ba wanda ya sani."

Wayar ta katse. Na ajiye ta. Saratu tana kallona, ta ji komai. Saura kwana tara ta fara aiki.

Na ce mata ta nemo takalmin roba, rafin yana da duwatsu.